Ba Duk Ruwan Alwala Ne Ruwan Sha Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga gajimare Ya rayar da ƙasa da shi bayan bushewarta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami da littafi a hannu ya san babin ruwa yana cikin abubuwan da ake fara karantawa a fiƙihu, domin salla ba ta inganta sai da tsarki, tsarki kuwa asalinsa ruwa ne. Tun almajiri yana ƙarami ake koya masa siffofi uku da ake auna ruwa da su, watau launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Idan babu wadda ta sake daga cikinsu, ruwan nan mai tsarki ne mai tsarkakewa, ana alwala da shi ana wanka. Idan wani abu mai tsarki ne ya sake shi, kamar nono ko zuma ko mai, to, ya halatta a sha a yi girki, amma ba a ibada da shi. In kuwa najasa ce ta sake shi, ba a ibada da shi, ba a kuma sha.

Wannan karatu daidai yake, babu kuwa abin da zai kawar da shi. Sai dai mutane da yawa sun ɗauki hukuncin da aka yi domin buta sun ɗora shi a kan randa, suna ganin duk ruwan da ya isa alwala ya isa sha. Zaton cewa ruwa garai-garai ba ya cutarwa ya ci rayuka masu yawa a ƙasashen Musulmi, shi ne kuwa abin da filin wannan mako zai duba.

RUWAN DA YA BI TA KAN MA'ADINI

A cikin littafin Ishmawi, wanda kusan kowane zauren karatu a ƙasar Hausa yana da shi, an kawo wani irin ruwa da ya sake amma bai rasa tsarkinsa ba, shi ne wanda matabbacinsa ya sake shi, kamar ruwan fadama mai gishiri ko mai taɓo. Daga cikin misalan da mawallafin ya kawo har da ruwan da yake gudana a kan ma'adinin farar wuta ko na zarnihi, ya ce alwala da shi ta inganta. Zarnihi kuwa dutse ne mai ɗauke da gubar da likitoci suke kira asenik, wadda kaɗan daga cikinta take kashe ƙato. To, mai karatu ya lura da kyau. Malamin yana amsa tambayar mai son yin salla ne, ya kuwa amsa masa daidai, domin ruwan ba najasa ba ne. Tambayar mai ƙishirwa tana da nata babin daban, watau babin abin da ya halatta a ci ko a sha, a can kuwa malamai sun haɗu a kan cewa abin da yake halaka jiki ko hankali haramun ne, ko da mai tsarki ne.

Ƙasar Bangaladesh, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta ga wannan mas'ala da idonta. A da mutanenta suna shan ruwan kududdufi da na kogi, gudawa da kwalara suna kwashe yara. Daga wajejen shekarun 1970 sai aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse, har suka kai miliyoyi. Ruwa ya fito sanyi ƙalau, fari tas, ba wari ba ɗaci, mutuwar yara ta ragu, kowa ya yi hamdala. Sai a 1993 aka tabbatar da cewa ruwan da yawa daga cikin rijiyoyin yana ɗauke da asenik daga ƙasar da yake kwance a cikinta. Mutane suka fara ganin baƙaƙen ɗigo a jikinsu, tafin hannu da na ƙafa suna kaurara suna tsagewa, daga baya ciwon daji ya biyo. A shekarar 2000 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahoton da ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 suna cikin haɗari, ya kuma bayyana lamarin da cewa ba a taɓa samun guba da ta game al'umma mai yawa haka ba a tarihi. Hukuma ta bi rijiyoyi tana aunawa, mai lafiya a shafa wa bakin famfonta koren fenti, mai guba a shafa mata ja. Ruwan rijiya mai jan fenti ana wanki da shi ana wanka, domin wannan guba ba ta cika ratsa fata ba, amma ba a sha, ba a dafa shinkafa da shi. Ga hukuncin Ishmawi nan da hukuncin likita sun tsaya kafaɗa da kafaɗa a bakin rijiya ɗaya, babu wanda ya ture wani.

GUBAR DA IDO BA YA GANI

Masana suna kiran irin waɗannan abubuwa ƙarafa masu nauyi. Mafi shahara a cikinsu su ne dalma da zaiba da kadmiyam da kuromiyam, ana kuma haɗa asenik a cikin lissafin. Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a nan ido bai san komai ba, harshe da hanci ma haka. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye wa dalma da asenik a ruwan sha ita ce giram 1 a cikin lita 100,000, watau jarkar ɗan ga-ruwa 4,000 mai cin lita 25. Ruwa yana iya ninka wannan iyaka sau goma ko fiye, ya kasance yana ƙyalli kamar ruwan sama.

Wani abin da ya kamata kowace uwargida ta sani shi ne tafasa ruwa ba ta kawar da waɗannan ƙarafa. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta domin masu rai ne, ƙarfe kuwa ba shi da ran da za a kashe. Hasali ma in ruwa ya daɗe yana tafasa, tururi yana tashi ya bar gubar a tukunya, abin da ya rage ya fi na farko ƙarfi.

Ƙasar nan ta sha nata ɗacin. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka tarar yara ƙanana suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a waɗansu ƙauyuka na Ƙananan Hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yaro ya fara amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga, sa'an nan ya sume. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba. Da aka auna jini sai aka ga dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa a wajen yana haɗe da dalma mai yawa, ana kuwa kawo shi cikin gari a niƙa a injin, a daka a turmi a tsakar gida, a wanke a bakin rijiya da kududdufi. Yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Binciken da aka yi a biyu daga cikin ƙauyukan ya nuna yaro 1 cikin kowane 4 na 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu a cikin shekara guda. A 2015 irin wannan ya sake aukuwa a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Gaskiya ne babbar hanyar da dalma ta shiga jikin yaran nan ita ce ƙura da ƙasar tsakar gida, shi ya sa aikin farko da aka yi shi ne kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa. Amma ƙurar da ta sauka a ƙasa tana sauka a randa da rijiyar da ba murfi, ruwan damina kuma yana kwashe ta zuwa tafkin da dabbobi suke sha. Likitoci sun bayyana cewa jikin yaro yana tsotsar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba yake tsotsa, tana kuma lalata ƙwaƙwalwa lalatar da ba ta gyaruwa. Tana ɓuya cikin ƙashi shekara da shekaru, idan mace ta sami ciki ta fito ta shiga jini ta isa ga ɗan tayi. Yaron da ya tsira da ransa yana iya tashi da raunin fahimta, a kai shi makarantar allo ya kasa riƙe wanki ɗaya, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali shi abin tausayi ne da aka zalunta tun yana rarrafe.

Ba haƙar zinariya ce kaɗai ƙofa ba. Masu haƙar kan kama zinariya da zaiba, ragowarta ta bi rafi ta shiga kifi, irin gubar da ta nakasa mutanen garin Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, amma masana'antun jima na zamani da gishirin kuromiyam suke aiki, an kuwa shafe shekaru masana suna auna shi a ruwan da yake fita daga unguwannin masana'antu na Kano yana shiga kogin Calawa da na Jakara, inda manoman rani suke ban ruwa. Masu fasa tsofaffin baturan mota su ma suna zubar da dalma a duk inda suka zauna.

HUKUNCIN SHARI'A

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 48 ta Suratul Furƙan, ya siffanta ruwan da Allah Yake saukarwa da cewa mai tsarkakewa ne. A aya ta 41 ta Suratur Rum kuma ya danganta ɓarnar da take bayyana a tudu da teku ga aikin hannun mutane. A aya ta 195 ta Suratul Baƙara an hana mutum jefa kansa cikin halaka. Hadisi na 32 cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda yara suke haddacewa a Islamiyya, ya haramta cuta da cutarwa baki ɗaya, a kansa ne kuma malaman usulu suka gina ƙa'idar nan cewa duk cutar da ta auku wajibi ne a gusar da ita.

Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudana, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗinsa ga masu yin bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane suke hutawa, domin aiki ne mai jawo tsinuwa. To, idan wannan shi ne matsayin ƙazantar da rana take busarwa, ruwa ya wanke ta cikin kwanaki, ina ga gubar da take zama a gindin rijiya har jikoki su sha? Wanda ya san dutsensa ko ruwan masana'antarsa yana da guba, sa'an nan ya sake shi cikin mashayar jama'a domin gudun kashe kuɗi, to, ya sani yana da hannu cikin kowane ran da ya salwanta, ko da bai taɓa ganin fuskar mamacin ba. Neman halali ibada ne, haƙar ma'adini da jima sana'o'i ne halattattu, amma ba a garin neman gira a rasa ido.

Tsare rai da tsare hankali da tsare zuriya suna cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyayewa, gubar dalma kuwa tana taɓa ukun nan a lokaci guda. Saboda haka gane ruwa mai guba da gyara shi farilla ce ta kifaya a kan kowace alƙarya. Idan waɗansu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, idan kowa ya yi shiru kowa ya yi laifi.

MAGANI A CIKIN ABIN DA AKE ZUBARWA

Buhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanar da cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. Manyan birane na duniya suna da injuna masu tsada da suke tace ruwa, waɗanda mutumin ƙauye ba ya ko mafarkinsu. Amma daga rahamar Ubangiji, Ya sanya wa waɗansu abubuwa marasa daraja a idon mutane wata ɗabi'a ta kama ƙarfe su riƙe shi a jikinsu. Mai son fahimtar wannan ya tuna da marina. Ana tsoma farin zane cikin baba, shuni ya bar ruwa ya kama zare, ya ƙi saki. Haka narkakken ƙarfe yake barin ruwa ya manne a jikin waɗannan abubuwa, ruwan ya wuce da sauƙin guba.

Na farkonsu gawayi ne. Gawayi cike yake da ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani, idan kuma aka sake gasa shi da tururi mai tsananin zafi ramukan suna ƙaruwa, har giram 1 ya iya samun bangon ramuka da faɗinsu ya kai murabba'in mita 1,000. Giram 10 ke nan sun kai hekta guda. Ana yin irin wannan gawayi da ƙoƙon kwakwa da ƙwallon dabino da ɓawon gyaɗa da totuwar masara. Na biyu ɓuntun shinkafa, wanda yake tsibi-tsibi a bayan injinan casa ana rasa yadda za a yi da shi. Shi da tokarsa an sha gwada su a jami'o'i, an ga suna kama dalma da kadmiyam. Na uku yumɓu da jar ƙasa ta marmara, domin tsatsar ƙarfen da ta ba ta launi ja tana riƙe asenik da ƙarfi. Na huɗu gawayin ƙashi, watau ƙashin shanu da aka gasa ba tare da iska mai yawa ba. Abin da ya sa dalma take ɓuya a ƙashin ɗan Adam ta cuce shi, shi ne ya sa take manne wa gawayin ƙashi ta bar ruwa. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya sanya magani a inda cuta take.

Sai kuma zogale. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna daka ƙwayar zogale su zuba a ruwa mai laka, su motsa, su bar shi ya kwanta. Wata masaniya, Dokta Samia Al Azharia Jahn, ta yi nazarin wannan al'ada tasu a shekarun 1970 da 1980 ta sanar da duniya. Kimanin ƙwaya 1 takan isa lita 1 ko 2. Aikin zogale irin na alam ne, yana tattara laka ya kwantar da ita, duk ƙarfen da yake manne da lakar ya bi ta ƙasa. Yana rage guba, amma ba a dogara da shi kaɗai ga ƙarfen da ya riga ya narke.

Kada wani ya ɗauka wannan zance ne na ɗakin gwaje-gwaje kurum. A Bangaladesh an fara da tuluna uku a ɗora wani bisa wani, na sama da ɓarɓashin ƙarfe da yashi, na tsakiya da gawayi da rairayi mai laushi, na ƙasa yana tarar ruwa. Daga nan wani masanin kimiyya ɗan garin Kushtiya, Farfesa Abul Hussam, tare da ɗan'uwansa likita Abul Munir, suka inganta dabarar suka yi matacin da ake kira Sono, bokiti biyu ne da yashin kogi da gawayin itace da fasasshen jan bulo da wani haɗin ƙarfe, ba ya bukatar lantarki. A 2007 Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasa ta Amurka ta ba Farfesa Hussam kyautar dala miliyan 1 saboda wannan aiki, ya kuwa mayar da mafi yawan kuɗin ga rarraba matacin ga talakawa da ci gaba da bincike. Ga ilmi mai amfani, ga sadaka mai gudana, sun haɗu a cikin bokiti.

TAMBAYOYIN DA MASALLATA ZA SU YI

Mai tsoron Allah zai tambaya, shin ruwan da ya bi ta cikin gawayi da ɓuntu ana alwala da shi? Amsa tana cikin ƙa'idar farko. Idan ya fito babu abin da ya sake na launi ko ɗanɗano ko ƙamshi, yana nan a kan asalinsa. Idan garin zogale ko na gawayi ya sake shi, mai tsarki ne, a sha a yi girki, a nemi wani domin alwala, ko a jira ya kwanta ya koma kamar yadda yake. Ƙasa da yumɓu kuwa, a mashahurin zance na Malikiyya, ba sa cire wa ruwa tsarkakewarsa ko da gangan aka zuba su. Gyaran ruwa da dabara ba baƙon abu ba ne wajen malamai. A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa cewa ruwan ƙazanta ma, idan aka tace shi har najasar ta gushe gaba ɗaya ya koma asalinsa, ya tsarkaka, ta kuma ce shansa yana rataye da rashin cutarwa ga lafiya.

Gawayin ƙashi shi ne yake bukatar lura. Ƙashin dabbar da ake ci, wadda aka yanka bisa Shari'a, mai tsarki ne babu saɓani. Ƙashin mushe kuwa najasa ne a mashahurin zancen Malikiyya, ko da yake Hanafiyya suna ganin tsarkinsa, malamai kuma sun yi saɓani a kan ko wuta tana tsarkake abin da ta mayar toka. Hanyar fita daga saɓani mai sauƙi ce, a ɗauko ƙashi daga kwata da wajen mahauta, inda yake jibge, a bar na juji da na jeji.

ƘARAMIN SANI ƘUƘUMI NE

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan, kada wani ya ji wannan bayani ya cusa gawayin murhu a tulu ya ce wa iyalinsa su sha ruwan ramin haƙar zinariya. Kowace guba da abin da ya fi kama ta, wanda ya riƙe dalma ba lalle ne ya riƙe asenik ba. Gawayin girki bai kai wanda aka gasa da tururi ƙarfi ba, ɗanyen ɓawo kuma idan ya daɗe a ruwa ruɓewa yake yi. Mafi yawan gwajin da aka yi wa ɓuntu da ɓawo a cikin kwalabe aka yi, da ruwan da aka san ma'auninsa, ruwan rijiya kuwa yana da nasa hali. Ruwa yana bukatar ya bi a hankali, in ya zarce da gudu ba abin da zai kama. Mataci kuma yana ƙoshi. Ranar da ramukansa suka cika sai ya bar guba ta wuce, wani lokaci ma ya saki wadda ya riƙe, ruwan kuwa yana nan garai-garai babu alama. Kama ƙarfe daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, saboda haka tacewa ba ta ɗauke tafasawa ba, ruwan zogale kuma ba a ajiye shi ya kwana biyu.

Abin da aka cire daga tsohon mataci shi kansa ya zama guba. Ba a zuba shi a gona, ba a hura wuta da shi, ba a bar shi inda yara da kaji suke tono. Wanda ya tsabtace randarsa ya watsa gubar a lungun maƙwabci bai gusar da cuta ba, ya dai sauya mata gida, hadisin da ya hana cutarwa yana nan a kansa.

Allah Ya yi umarni a aya ta 43 ta Suratun Nahli da a tambayi ma'abota sani. Ma'abocin sani a babin alwala malami ne, a babin auna ruwa kuwa ma'aikacin lafiya ne da masanin kimiyya. Hanyar tabbatarwa guda ce, a ɗebi ruwa a kai a auna kafin tacewa da bayanta, a riƙa maimaitawa. Inda kuma aka sami rijiya mai lafiya kusa, komawa gare ta ya fi kowane mataci.

WA ZAI ƊAUKI NAUYI?

Hukuma ce a gaba, domin ita ke da kayan awo da ikon hana ɓarna. A kanta yake ta auna rijiyoyin garuruwan da ake haƙar ma'adini ko jima ko fasa batir, ta sa alamar da ko wanda bai yi karatu ba zai gane, ta kuma tilasta wa masana'antu su gyara ruwansu kafin su sake shi. Sarakuna da dagatai da masu unguwa su tsaya a kan hana shigo da dutsen ma'adini cikin gari da wanke shi kusa da mashaya. Mai haƙa ya yi wanka ya sake tufafi a wajen aiki kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Rijiya a ɗaga bakinta a yi mata murfi, randa a rufe ta, rufe ƙorai da tuluna ma umarnin Annabi ne kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Malaman jami'a da ɗalibansu sun rubuta bincike mai yawa a kan ɓuntu da ɓawon gyaɗa da ƙwallon goruba. Lokaci ya yi da wannan ilmi zai sauko daga kanta ya isa bakin rijiya, a haɗa kai da magina tukwane da maƙera a fitar da matacin da aka gwada aka amince da shi, mai kuɗin da talaka zai iya. Limamai kuwa, idan sun zo babin ruwa, su ƙara wa ɗalibai wannan bayani, domin mutumin ƙauye ya fi jin maganar limaminsa a kan ta baƙo.

Mawadata su tuna da Sa'adu ɗan Ubada, Allah Ya yarda da shi, wanda ya tambayi wace sadaka ce ta fi domin mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa shayar da ruwa. Su tuna da Sayyidina Usmanu ɗan Affan da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Alhamdu lillahi, masu haƙa rijiyoyin sadaka sun yawaita a wannan zamani. Abin da ya rage shi ne mai haƙawa ya ware wani abu domin auna ruwan kafin a buɗe wa jama'a, ya kuma koma bayan lokaci a sake aunawa, musamman a yankunan ma'adinai. Waɗanda suka haƙa rijiyoyin Bangaladesh da kyakkyawar niyya suka haƙa, abin da ya ɓace musu awon asenik ne. Wanda labarinsu ya riga ya zo masa ba shi da uzurin da suke da shi.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri da lada, Ya ba waɗanda suka nakasa lafiya. Ya shiryi masu sana'a su ji tsoronsa cikin nemansu, Ya ba shugabanni ikon tsare amanar da ke wuyansu. Ya shayar da al'ummar Musulmi ruwa mai albarka a duniya, Ya kuma shayar da ita daga tafkin Manzonsa ranar ƙishirwa babba. Amin.